Amsoshin Tambayoyinku: Ciwo Ɗaya, Me Ya Sa Magani Ya Bambanta?

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Kafin Hausa. Yayata ta ji ƙullutu a mamanta na hagu bayan ta yaye ɗanta. Daga Haɗejiya aka tura mu Kano, aka ɗebi 'yar tsoka aka auna, aka ce sankara ce. Yanzu likita ya ce sai an ƙara wani gwaji kafin ya san maganin da zai ɗora ta a kai, ya rubuta mana ER, PR da HER2 a takarda. Muna da maƙwabciya mai irin wannan ciwon, ita tun da aka yi mata aiki ƙwaya ɗaya take sha kullum. Me zai hana a ba yayata irin tata? A gida kuma manya suna cewa daji ba ya son ƙarfe, mun yi ganganci da muka bari aka taɓa wurin. Don Allah me yake kawo ciwon nan, kuma mu ƙannenta za mu iya gadonsa?

AMSA: Malama, Allah Ya ba yayarki lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya saka miki da kika tsaya mata. Kafin komai, ki kwantar da hankalinki: ba ku yi ganganci ba. Ɗiban tsokar nan shi ne abu mafi amfani da aka yi mata kawo yanzu, kuma gwajin da likita yake nema ba ɓata kuɗi ba ne. Don ki gane dalili, sai kin yi haƙuri mun shiga cikin jiki tukuna.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, adadinsu ya kai tiriliyan 30. Ki ɗauki kowace ƙwaya kamar gida mai katanga. Can ciki, a turakar maigida, akwai kundin gado wanda masana suke kira DNA, a nan aka rubuta duk abin da gidan zai yi. Ƙwaya mai lafiya ba ta yin gaban kanta. Ba ta rabuwa biyu ta hayayyafa sai an aiko mata, in an ce ta tsaya sai ta tsaya, in ta tsufa ko ta lalace aka ce ta mutu ta ba wata wuri, ba ta musu. Shi ya sa in yaro ya yanke da lauje fata take tohowa ta rufe wurin, da zarar ya rufe kuma sai tohon ya tsaya.

To, ta ina saƙon yake shiga? Kamar dai yadda baƙo yake yi a garinku. Ba ya kutsa kai cikin gida. Yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, wanda yake zaure ya amsa, ya tura yaro, yaron ya faɗa wa na tsakar gida, har magana ta isa ga maigida. A jiki, baƙon wani sinadari ne da jini yake kawowa. Mai amsa sallamar da 'yan aiken duk sunadarai ne, wato furotin, kowane da aikinsa. Yadda ɗan aike yake tayar da na gaba da shi kuwa shi ne ya liƙa masa wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet. In saƙo ya wuce sai wani ya zo ya cire. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan liƙawa da cirewa a shekarun 1950 a Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Masu aikin liƙawar kaɗai a jikin mutum sun haura iri 500.

Ciwon daji yana farawa ne idan rubutun da aka ƙera ɗaya daga cikin 'yan aiken nan da shi ya sami kuskure. Misalin da ya fi shahara wani ɗan aike ne mai suna RAS. Aikinsa ya kai saƙon hayayyafa, ya dawo ya zauna. A 1982 ƙungiyoyin masu bincike uku a Amurka suka duba ƙwayoyin sankarar mafitsara, suka tarar da RAS ɗinsu ya sauya. Shi furotin kamar carbi yake, ƙwayoyi a jere a zare. Wannan RAS ɗin yana da ƙwaya 189, ta goma sha biyu ce kaɗai ta canza. Wannan ɗan canji ya isa ya hana shi zama: kullum yana ruga ciki yana cewa ana sallama, alhali ba kowa a ƙofa. Maigida kuma yana ta ba da umarnin a hayayyafa. Yau an san kusan ɗaya cikin biyar na dukkan ciwukan daji suna da lalataccen RAS, a sankarar wata gaɓar ciki da ake kira fankiriyas kuwa sama da tara cikin goma.

Yanzu mu zo kan takardar da take hannunki. HER2 sunan mai amsa sallama ne a ƙofar ƙwayar mama. Lafiyayyar ƙwaya tana da kimanin 20,000 nasa. A jikin wasu mata, shafin kundin da yake ɗauke da bayaninsa yakan maimaitu sau da yawa, sai ƙwaya ɗaya ta wayi gari da kusan miliyan biyu. Ki ƙaddara zaure ya cika maƙil da masu amsa sallama, suna gogar juna, kowa yana tura yaro ciki ko an yi sallama ko ba a yi ba. Likita Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya ya nuna a 1987 cewa sankarar mama mai irin wannan cunkoso ta fi saurin yaɗuwa. Mata 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu sankarar mama haka nasu yake. A 1998 aka amince da wata allura mai suna trastuzumab, wadda aka fi sani da Herceptin, da take manne wa HER2 daga waje ta toshe masa baki, ta kuma nuna wa sojojin jiki ƙwayar don su far mata. Akan yi ta duk mako uku, har kusan shekara, ana duba zuciya lokaci zuwa lokaci. Tana da tsada ƙwarai, wannan ba a ɓoye shi, ko da yake tun Disamban 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwatankwacinta mai rahusa.

ER da PR labarinsu daban. Su masu karɓar saƙon sinadaran mata ne, istirojin da furojestaron. Waɗannan sinadarai ba sa tsayawa a zaure; kamar mata 'yan'uwa suke, kai tsaye suke wucewa cikin gida, don masu karɓarsu a ciki suke. Wata sankarar da saƙon istirojin take rayuwa. Irin wannan ita ake ba ƙwayar tamoksifen, wadda take zuwa ta zauna a kujerar istirojin ta hana shi wuri, a sha ta kullum shekara biyar zuwa goma. Bisa yadda kika kwatanta, da alama irinta maƙwabciyarku take sha. In sankarar yayarki ba ta da ER, ko buhu guda ta sha na ƙwayar nan ba abin da zai tsinana mata, sai ma ɓata lokacin da ciwon yake ci gaba. Ina roƙonki kada tausayi ya sa maƙwabciya ta sam mata nata.

Akwai kuma wadda duka ukun ba ta da su. Ita maganinta ƙarin ruwan nan ne da ake kira kemo, haɗe da tiyata da gashi. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Shikago, ta daɗe tana nazarin wannan. Binciken da ita da abokan aikinta suka fitar a 2009 a kan matan Najeriya da Sanagal ya nuna wannan nau'in ya fi yawa a cikinmu fiye da a cikin Turawa. Kin ga ke nan mata uku za su iya zama a benci ɗaya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kowace an ce mata sankarar mama, amma ɗan aiken da ya lalace a jikin kowace daban. Kuma ko wanne aka samu, akasari sai an haɗa da tiyata. Ƙwaya ko allura ba sa maye gurbin tiyata.

Wani abu da ba a cika faɗa wa iyalai ba: gwajin nan yawanci a kan tsokar da aka riga aka ɗiba ake yin sa. Ana daskarar da ita cikin kaki a ajiye a ɗakin gwaji, sai a yanko ɗan siriri a rina, a duba a madubin likita. Saboda haka ku adana lambar da aka rubuta a sakamakon farko. In kuma za a yi mata babban aiki aka ba ku abin da aka cire ku kai gwaji, ku tabbata an tsoma shi cikin ruwan fomalin nan take, ku kai a ranar. Tsokar da ta jima a waje masu karɓar saƙon da suke cikinta sukan lalace, gwaji ya nuna babu alhali akwai, mace ta rasa maganin da zai yi mata aiki.

Kuskure ɗaya ba ya isa ya haifar da daji, don Allah Ya sanya wa kowace ƙwaya masu tsawatarwa. Babbansu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Shi ne dattijon gida: in ya ga kundi ya yage sai ya ce a dakata a gyara, in ya ƙi gyaruwa ya umarci ƙwayar ta mutu. A kusan rabin ciwukan daji na duniya dattijon nan ne aka tarar ya naƙasa. Sai kurakurai sun taru, ɗan aike ya ƙi zama, dattijo ya yi shiru, wani ya buɗe ƙofar fita zuwa maƙwabta, sannan ciwo ya bayyana, kuma hakan yakan ɗauki shekaru. Don haka ciwon yayarki ya girmi ranar da ta ji ƙullutun. Ba yaye ne ya kawo shi ba. Shayarwa ma rage haɗarinsa take yi. Ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci tare ko wanke mata kaya.

Ku mutanen fadama kuna da misalin da ya fi nawa. Ciyawar kacala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Haɗejiya, da can tana nan a gefe ba ta dami kowa ba, don rani yakan busar da ita. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana rani da damina, abin da yake taka mata burki ya kau. Sai ta cinye hanyoyin ruwa, ta hana masunta da manoma sakat, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a so. Haka sankara take: 'yar gida ce da ta rasa mai ce mata bari. Manomi kuma ya san bambancin cire kacala tana tsiro da cire ta bayan ta rufe kogi.

Me yake yaga kundin? Wani lokaci kuskuren kwafi ne kawai, don ƙwayoyi suna ta rabuwa tsawon rai, shi ya sa ciwon ya fi yawa ga masu shekaru. Amma akwai sababban da suke kusa da mu, kuma a kansu nake so ki tsaya a matsayinki na malama. Na farko tsargiya. A garuruwan bakin ruwa yaro yakan yi fitsarin jini a ce ba komai, har wasu su ɗauka alamar girma ce. Ƙwan tsutsar da take jawo tsargiya yana maƙalewa a bangon mafitsara, jiki ya yi ta aika saƙon a gyara rauni shekara da shekaru, ƙwayoyi su yi ta rabuwa ba hutu, har kuskure ya shiga. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da take birnin Liyon na Faransa ta saka wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Maganinta ƙwayar firazikwantel ce, wadda ake rabawa a makarantu. Ranar da aka kawo ta makarantarku, ki tsaya ki ga kowane ɗalibi ya ci abinci ya sha.

Na biyu gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. Funfunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A 1991 masu bincike suka duba sankarar hanta daga Sin da kudancin Afirka, suka ga abin mamaki: gubar nan wuri ɗaya take nufa a rubutun p53, gurbi na 249, ta lalata dattijon. In mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B kuma, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Tun 2004 rigakafin wannan cutar hanta yake cikin alluran jarirai a Najeriya, kuma ta farko ana so a yi ta ranar haihuwa. Cibiyar binciken noma ta IITA da take Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar. A gida kuma, a shanya amfani ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu, ruɓaɓɓiyar gyaɗa a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita. Sankarar bakin mahaifa ita ma ta wannan ƙofa take shiga: ƙwayar cutar HPV tana ƙera furotin da yake rusa p53. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta.

Lalacewar saƙo ba a daji kaɗai ta tsaya ba. Jigawa tana cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna a 2021. Ƙwayar kwalara ba ta cin hanji; guba take saki wadda take shiga ƙwayoyin hanji ta kama wani ɗan aike daga cikin waɗanda ake kira furotin G, ta ƙulle shi a kunne. Sai ƙofofin gishiri su buɗe su ƙi rufuwa, ruwa ya bi gishirin, kamar ƙofar madatsa da ta maƙale a buɗe. Mutum zai iya zubar da lita goma ko fiye a yini. Ruwan gishiri da sukari yana ceto ne saboda akwai wata ƙofa da gubar ba ta taɓa ba, wadda take shigar da gishiri in yana tare da sukari. Ciwon suga na manya kuwa akasin haka ne: insulin yana ta sallama a ƙofa, 'yan aike sun yi nauyin ji.

Ga hujjar da take sa ni ƙarfin gwiwa a kan gwajin da aka rubuta muku. Akwai wata sankarar jini da ake kira CML. A 1960 aka lura a birnin Filadelfiya cewa ɗaya daga cikin ƙunshin kundin gadon masu ita ya gajarce. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa ƙunshi na 9 da na 22 ne suka yi musayar guntaye, inda suka haɗu kuma aka haifi wani mai liƙa fosfet da ba ya gajiya, BCR-ABL. Da aka san shi, aka ƙera ƙwayar imatinib daidai bakinsa, aka amince da ita a 2001. Ciwon da yake kashe mutum cikin 'yan shekaru ya koma wanda ake rayuwa da shi a yi aure a yi noma. Daga 2003 marasa lafiya daga ko'ina a Najeriya suka riƙa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da yake Ile-Ife suna karɓarta kyauta. Ba a ba kowa sai an gwada an ga yana da wannan lahanin. Amma ba kowane ɗan aike ne ya zo da sauƙi haka ba: RAS da aka sani tun 1982, sai a 2021 aka sami maganin farko da yake kama shi, shi ma nau'i ɗaya kawai.

Batun ƙarfe kuma, manyanku ba da mugun nufi suke faɗa ba, abin da suka gani ne. Sun ga an kai mace asibiti an yi mata aiki, bayan 'yan watanni ta rasu. Abin da ba su gani ba shi ne ta yi shekara ko biyu tana shafe-shafe da turare a gida, sai da ciwo ya fashe ya isa hanta ko ƙashi aka kai ta. Sannan kalmar daji a bakinmu tana ɗaukar kumburi iri-iri, har da maruru da ciwon fata masu warkewa da kansu, shi ya sa ake jin wane ya warkar da daji da sassaƙe. Alƙaluman 2022 sun nuna kusan mutum 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, kuma jinkirin zuwa asibiti yana cikin manyan dalilai. Addu'a da roƙon Allah ku dage da su, ku haɗa da magani.

Game da gado, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai na ciwon daji ake gada. Sauran kurakuran a cikin ƙullutun suka tsaya, ba sa bin jini zuwa ga 'ya'ya. Duk da haka, wadda 'yar'uwarta ta jini ta yi sankarar mama haɗarinta ya ɗara na sauran mata, musamman in ciwon ya zo da ƙuruciya, ko mahaifiya, inna ko gwaggo ta taɓa yin na mama ko na ƙwan mahaifa. Ku faɗa wa likita tarihin gidanku ta ɓangaren uwa da na uba. Ke da ƙannenki ku riƙa duba mamanku duk wata bayan kun yi wankan tsarki. Ƙullutu, lotsawar fata, jini daga kan nono ko kaluluwa a hamata, kada a jira ya yi zafi, don na farko akasari ba ya ciwo.

Malama, ku koma Kano a ranar da aka ba ku, da takardar nan da lambar tsokar. In sakamako ya fito, ki roƙi likita ya faɗa miki a fili wanne ne aka samu cikin ukun, ki rubuta. In kuɗin ya fi ƙarfinku, ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ku yi musu bayani, kada ku dawo gida ku yi shiru. Ki sake rubuto mana mu ji yadda jikin nata yake.